Inda Lokacin Wasan Bidiyo Ke Zurarewa

Motsin da kake gani a wasan waya ko na kwamfuta jerin hotuna ne da ke wucewa da sauri. Wasan da ke tafiya sumul yakan nuna hoto 60 a sakan ɗaya, ke nan kowane hoto bai kai milisakan 17 ba, kuma milisakan kashi ɗaya ne cikin dubu na sakan. A wannan ɗan taƙi furosesa, wato ƙwaƙwalwar na'urar, za ta karanta inda yatsanka ya taɓa, ta lissafa inda ƙwallo za ta faɗa, ta zaɓa wa abokan gaba hanya, sannan ta miƙa wa katin hoto abin da zai zana. Da zarar ta makara, sai ka ji mai wasa yana cewa waya ta cije.

Abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne gyara da ka. Wasa ya yi nauyi, mai haɗa shi ya ɗora laifi a kan yawan itatuwa ko inuwa, ya kwashe makonni yana ragewa, alhali ɓarnar tana wani waje. Injinan haɗa wasa sun zo da ma'aunin wannan aiki: Unity na da Profiler, Unreal na da Unreal Insights, akwai kuma Tracy, da kuma VTune na kamfanin Intel. Ma'aunin yakan zayyana kowane hoto, ya nuna aikin da ya ci milisakan biyu da wanda ya haɗiye goma. Ƙwararru ba sa tsayawa kan matsakaicin gudu. Hoto guda da ya yi tsiri cikin ɗari suke farauta, domin shi ido ke kamawa.

Ga misali, wasan GTA Online ya fito a 2013, kuma shekara da shekaru mutane na ƙorafin daɗewarsa kafin ya buɗe a kwamfuta. A farkon 2021 wani mai rubuta manhaja da ke amfani da laƙabin t0st ya ɗora masa ma'auni. Ya tarar furosesa na fama da fayil guda mai nauyin megabayit 10, ɗauke da jerin kayan sayarwa na cikin wasan kusan 63,000. Duk adadin da za ta karanta, sai ta fara ƙirga tsawon ragowar fayil ɗin kaf, kamar mai shagon da ke ƙirga kayan kantarsa gaba ɗaya kafin ya miƙa wa kowane yaro ashana. Bayan haka kowane kaya sai an gwada shi da duk waɗanda suka riga shi shiga, gudun maimaici, gwaji kusan biliyan biyu. Da ya toshe kafofin nan biyu, jiran minti shida a na'urarsa ya koma ƙasa da minti biyu. Kamfanin Rockstar, mai wasan, ya tabbatar da binciken, ya fitar da gyara a watan Maris, ya kuma ba shi dala 10,000.

Sauran masu cin lokaci sanannu ne. Bayanai warwatse cikin ma'adana na sa furosesa zaman jira, shi ya sa ake jera masu kama da juna waje guda. A Unity, yawan ƙirƙirar harsashi da jefar da shi na tara shara, kuma lokacin kwashe ta wasa kan ɗan tsaya. Maganin shi ne a tanadi harsasai tun farko a riƙa juya su. Abokin gaba da ke can nesa kuwa ba lallai ya yi tunani sau 60 a sakan ba.

Ga matasanmu masu koyon haɗa wasa a Kano ko Zinder, ina roƙonku ku riƙa awo a kan wayar da jama'a ke riƙewa, irin Tecno da Itel. Waya in ta yi zafi da kanta take rage gudun furosesa don kada ta lalace. Ku bar wasan ya jima yana gudana da tsakar ranar bazara, bayan wayar ya ɗau zafi, sannan ku buɗe ma'auni.