Lauyan da ba ya shiga kotu

Ranar da ɗan yayana ya dawo unguwar Minanata a Sakkwato daga Abuja da hular gashin nan ta lauyoyi a cikin jaka, ba a bar shi ya huta ba. Kafin la'asar an kawo masa ƙara uku a zaure: rikicin iyakar gona, da gadon gidan da aka shekara goma ba a raba ba, da wani ɗan kabu-kabu da aka riƙe wa babur. Da ya ce aikin da ya samu a Legas ba na shiga kotu ba ne, gwaggonsa ta ajiye ludayin fura ta ƙare masa kallo.

"Kai ɗan nan, wane irin lauya na wanda ba shi zuwa kotu?"

Tambayarta da hujja. A Najeriya lauya ɗaya ne ke ɗaukar kaya biyu. Duk wanda aka rantsar, sunansa na shiga rajistar Kotun Ƙoli a matsayin barista kuma solisita, wato mai tsayawa gaban alƙali kuma mai rubuta yarjejeniya da ba da shawara a ofis. Sai dai idonmu rabin farko kaɗai ya saba gani, baƙar riga da cacar baki. A Ingila, inda muka gaji tsarin, sana'o'i biyu ne daban, kowace da hukumarta da hanyar koyonta, kuma solisitoci sun ninka baristoci yawa nesa ba kusa ba.

Hanyar da yaron Sakkwato ke bi sananniya ce. Shekara biyar a tsangayar shari'a ta Jami'ar Usmanu Danfodiyo, inda ake haɗa dokar da aka gada daga Turawa da fiƙihun Malikiyya. Nan Aminu Waziri Tambuwal da Abubakar Malami suka gama a 1991. Sai shekara guda a Makarantar Horar da Lauyoyi, wadda ta buɗe a titin Igbosere na Legas a 1963 da ɗalibai takwas, yau kuma hedikwatarta na Bwari, da reshe a Bagauda da Yola da wasu garuruwan Kudu. A cikin shekarar akan tura ɗalibi 'yan makonni ya zauna a kotu, wasu makonnin a ofishin lauya. Daga nan rantsuwa, sai bautar ƙasa, sai kowa tasa ta fisshe shi. An daɗe ana muhawara a kan wajabta wa sabon lauya zama ƙarƙashin babba na wani lokaci, amma a aikace abin sa'a ne: wani ya faɗa hannun maigidan da zai zaunar da shi ya gyara masa rubutu layi-layi, wani ya shekara uku yana ɗaukar jaka yana roƙon a ɗage shari'a.

Manyan kamfanonin lauyoyi na Landan ba su bar wannan ga sa'a ba. Irin su Clifford Chance da Linklaters da Freshfields da Slaughter and May, da A&O Shearman da ya samu daga haɗewar kamfanoni biyu a 2024, kan zaɓi ɗalibi tun bai gama jami'a ba, su biya masa kuɗin karatun share fage, sannan su ba shi kwantiragin koyon aiki na shekara biyu. Yawanci ana raba shekarun gida huɗu, wata shida-shida: sashen bashin bankuna, sashen saye da sayar da kamfanoni, sashen sasanta rikici, wani lokaci har a tura shi reshen Dubai ko Singafo. Tun 2021 aka kawo sabuwar jarrabawa ta bai-ɗaya, SQE, wadda lauyan Najeriya ma kan iya zaunawa ya zama solisita a can. Albashin ɗan koyo a waɗannan kamfanoni ya haura fam dubu 50 a shekara, kuma a 2024 da yawansu suka kai na wanda ya kammala fam dubu 150. Mai karatu ya buga lissafin da kansa a naira, ni dai na buga na rufe wayar.

Kuɗin kuwa ba a banza ake ba da shi ba. Hajar da waɗannan kamfanoni ke sayarwa ita ce lokaci, kuma awa guda an yanka ta gida goma, minti shida-shida. Kowane kiran waya, kowace wasiƙa, sai an rubuta minti nawa ta ci da sunan wanda zai biya. Manyan ofisoshin Legas sun kwaikwayi abubuwa da yawa daga wannan tsari, kuma a ɗaya daga cikinsu ɗan namu ya samu gurbi.

Da ya zo hutun Sallah na sa shi ya kwatanta mini dare guda na aikinsa. Wani kamfani zai sayi wani, sai aka zuba takardun wanda za a saya a rumbun intanet, ɗaruruwa: hayar filaye, takardun mallaka, kwantiragin ma'aikata, basussuka. Aikinsa ya karanta su duka yana neman saɗara guda, wadda ke cewa idan kamfanin ya sauya hannu mai ba da bashi na da ikon neman kuɗinsa nan take. Ya same ta a shafi na sittin da wani abu, wajen ƙarfe ɗaya na dare, idonsa na yaji. Washegari babbar lauyar da ke kula da shi ta maido masa rahotonsa da jan biro ko'ina, don ya rubuta "za a iya biya" a inda takarda ta ce "dole a biya". Ba ta yaba masa a kan saɗarar ba. Ta dai sa shi ya zauna a bayanta lokacin da ake gaya wa mai saye, ya ga yadda magana ɗaya ta rage farashi.

Wanda ya yi karatun zaure ba zai ga baƙon abu a nan ba. Haka malam ke tsare almajiri a kan wasali guda na Risala har sai ya faɗe shi daidai.

Me ya haɗa Sakkwato da wannan duniya? Mutum ya leƙa Kalambaina. A 2023 hukumar IFC ta Bankin Duniya ta jagoranci ba kamfanin simintin BUA bashin dala miliyan 500 don faɗaɗa masana'antarsa da ke can. Bashi irin wannan ba ya fita sai an shafe watanni ana ja-in-ja a kan takarda: me aka jingina, dokar wace ƙasa za a bi, ina za a je in an saɓa. Sau da yawa amsar ita ce dokar Ingila, shi ya sa lauyoyin Landan ke cin abinci a kan ma'adinan da ke ƙarƙashin ƙafarmu. Su kuma ba su da izinin ba da fatawa a kan dokar Najeriya, dole su nemi abokan aiki a gida. Ta wannan ƙofa ce kamfanin lauyoyi na Dentons ya haɗe da kamfanin ACAS na Legas a 2021.

In kuwa aka yi sakaci da takarda, ga P&ID nan ishara. Yarjejeniyar iskar gas ce da Najeriya ta ƙulla da wannan kamfani a 2010, ba a aza ko tubali ba, amma a 2017 masu sasanci a Landan suka yanke wa Najeriya biyan dala biliyan 6.6, kuɗin ruwa ya kai shi kusan biliyan 11. Sai a Oktoban 2023 alƙali Robin Knowles ya gano an yi amfani da cin hanci, aka rushe hukuncin. Abin da ya ceci ƙasar shi ne tono tsofaffin wasiƙu da bayanan banki ɗaya bayan ɗaya, irin aikin da ake ɗora wa yara masu jajayen idanu.

Akwai kuma wata ƙofa da nake ganin 'ya'yanmu ba su ƙwanƙwasa yadda ya kamata ba. Birtaniya ta fitar da sukuk, wato takardun lamuni na tsarin Musulunci, na fam miliyan 200 a 2014, gwamnatin Najeriya ta bi sahu da naira biliyan 100 a 2017 don gina hanyoyi, bankin Jaiz kuma yana aiki tun 2012. Duk waɗannan na buƙatar wanda ya san ijara da murabaha daga tushe, ya kuma iya zuba su a Turancin kwantiragi. Lauyan Landan sai an koya masa babin ciniki daga farko. Wanda ya tashi a Sakkwato ya ji shi tun a zaure, amma sau da yawa burinsa bai wuce kujerar majistare ba, don babu wanda ya gaya masa ana neman irinsa.

Rikicin gonar dai mai unguwa ne ya kashe shi, babur kuma aka karɓo ba tare da lauya ba. Da ɗan namu ya gama yi wa gwaggonsa bayanin minti shida-shida, ta yi shiru tana ƙirga da yatsu, sannan ta ɗago.

"To ni da na tsare ka tun azahar, nawa kaka bi na?"