Ƙullutu a Wuya: Wane Hoto Ya Kamata a Fara Ɗauka?

A gaban wuya, ƙasa kaɗan da zakaran wuya, akwai wata 'yar halitta mai siffar malam-buɗe-littafi da likitoci ke kira tayirod. Ita ce ke kumbura ta zama maƙoƙo, kuma a cikinta ne ƙullutu kan fito. Da mutum ya shafa ya ji shi, sai hankalinsa ya tashi, ya nemi a kai shi na'urar da ta fi tsada, wai araha ba ta ado. A wannan lamari, mai arahar ce ta fi gani. Hoton da ya dace a fara da shi shi ne sikanin, irin wanda ake yi wa masu juna biyu, a haɗa da gwajin jini na TSH, mai nuna yadda tayirod ke aiki.

Tayirod tana dab da fata, saboda haka sikanin kan nuna ta dalla-dalla, har ƙullutun da bai wuce ƙwayar dawa ba, kuma ba ya sakin tururi mai cutarwa. Likita na duba ko ruwa ne a ciki ko tsoka. Mai ruwa zalla da mai huji-huji kamar soso galibi ba su da illa. Wanda ake zargi shi ne mai duhu, mai gefe kaca-kaca, wanda tsayinsa ya fi faɗinsa, ko mai fararen ɗige-ɗige. A 2017 ƙungiyar likitocin hoto ta Amurka ta fitar da tsarin TI-RADS, wanda ke ba waɗannan alamu maki, a haɗa da girman ƙullutun, a san wanda za a tsikara da siririyar allura a kai ɗakin gwaji. Allurar nan ce ke bayyana ko ciwon daji ne, kuma da sikanin ake saita ta.

Wani zai ce sikanin ma yana da makantarsa, kuma gaskiya ne: ba ya ratsa ƙashi. Idan maƙoƙo ya gangara bayan ƙashin ƙirji, ko ya danne hanyar numfashi, sai hoton CT ko MRI. Amma su biyun ba su kai sikanin rarrabe mai illa da marar illa ba, ga shi ruwan aidin da ake ɗura wa mutum kafin CT kan jinkirta yi wa tayirod magani da aidin mai tururi na makonni. Shi kuwa hoton nukiliya, amfaninsa na zuwa ne idan TSH ya yi ƙasa, domin ya nuna ko ƙullutun na aiki fiye da kima, kuma irin wannan da wuya ya zama daji.

Ƙorafin da ya fi nauyi shi ne sikanin na tono abin da bai dami kowa ba. Manya da yawa na ɗauke da ƙullutu ba su sani ba, kuma kusan 9 cikin 10 ba daji ba ne. Koriya ta Kudu ta ga haka: da aka yawaita yi wa masu lafiya sikanin, adadin waɗanda aka ce suna da dajin tayirod ya ninka sau 15 tsakanin 1993 da 2011, aka yi wa dubbai tiyata, alhali yawan mace-mace bai sauya ba. Don haka sai an ga kumburi, ko murya ta dishe, ko haɗiya ta yi wuya, ko likita ya ga wani dalili, sannan a nemi hoton, a kuma kai wa ƙwararre, domin kaifin sikanin na hannun mai riƙe da shi.