Ɗan kasuwar da ya rufe shago ya tari hamada da fartanya

A kullum mukan ji magidanta na cewa shekaru sun ja, ba sauran canza sana'a, ko da wadda suke yi ba ta kwanta musu a rai ba. A wannan makon mun leƙa ƙasar Burkina Faso, maƙwabciyar Jamhuriyar Nijar, domin ɗauko labarin wani bawan Allah da ya ƙaryata wannan magana, wato marigayi Malam Yakuba Sawadogo.

An haifi Malam Yakuba a 1946 a yankin Yatenga da ke arewacin ƙasar. Ya yi karatun allo a Mali, daga baya ya kama kasuwanci a garin Wahiguya. Sai ga farin shekarun 1970 da na farkon 1980 ya auka wa yankin Sahel. Rijiyoyi suka ƙafe, dabbobi suka mutu, gonaki suka zama faƙo, jama'a suka yi ta tururuwa zuwa birane. A daidai lokacin da kowa ke gudu ne shi kuma ya bar kasuwa, yana da shekara talatin da 'yan kai, ya koma ƙauyensu Gurga ya ɗauki fartanya. Mutane suka ce ya zautu.

Abin da ya yi ba baƙon abu ba ne. Wata tsohuwar dabara ce ta kakanni da ake kira zai, wato haƙa ƙananan ramuka a shuka a ciki. Shi sai ya faɗaɗa ramukan, ya ƙara musu zurfi, ya riƙa haƙa su tun da rani yana zuba taki. Takin na jawo gara, ita kuma gara ta huda ƙasa, ta yadda in ruwa ya sauka zai nutse maimakon ya gudu. Ya kuma jera duwatsu a gona don rage ƙarfin kwararar ruwa. Ban da gero da dawa, ya riƙa sa irin itatuwa a ramukan.

Aikin bai zo da sauƙi ba. Haƙa faƙo cikin zafin bazara sai mai haƙuri, kuma an taɓa cinna wa dajin nasa wuta. Daga baya faɗaɗar birnin Wahiguya ta so cinye filin, sai a 2021 aka kewaye shi. Amma mahaƙurci mawadaci: wurin da ko ciyawa ba ta fita ya zama daji mai kusan hekta 40, da itatuwa iri fiye da 60.

Bai riƙe ilimin shi kaɗai ba. Tun daga 1984 ya riƙa tara manoma sau biyu a shekara, ana musayar iri da dabaru. A ƙarshen shekarun 1980 wasu manoman Illela ta jihar Tawa suka ziyarci Yatenga, suka dawo da dabarar, wadda a Nijar ake kira tassa. A 2010 aka yi fim a kan rayuwarsa, a 2018 ya samu lambar yabo ta Right Livelihood, a 2020 kuma Majalisar Ɗinkin Duniya ta karrama shi. Ya rasu ranar 3 ga Disamba, 2023.

Ba muna cewa kowa ya rufe shagonsa gobe ba ne, domin akwai iyali da ke jiran cefane. Abin lura shi ne Malam Yakuba ya koma ga aikin da ya gada kuma ya sani, ya dubi buƙatar jama'arsa, sannan ya jure surutu na shekaru. Ma'aikacin da ke jiran ritaya, da ɗan kasuwar da zuciyarsa ke gona ko makaranta, su auna kansu da wannan ma'auni. Allah ya jiƙan Malam Yakuba, amin.