Asibiti da Rumfar Mai Niƙa

Duk wanda aka taɓa aika niƙa yana yaro ya san rumfar mai inji. Kana sa ƙafa sai duniya ta koma ƙara: bel na kaɗawa, ƙurar gari na shiga hanci, ƙasa na rawa. Ka ɗaga murya ka ce tsaki kake so ba gari ba, kai kanka ba ka ji me ka faɗa ba, sai dai a koma magana da hannu. Ana daurewa ne don an san ba da jimawa ba za a ɗauki ƙwarya a fita.

To, a ce ba ka san yaushe za a kashe injin ba, ba wanda ya gaya maka me ya kawo ka, sai ga wani baƙo ya ɗage maka riga ya manna maka ƙarfe mai sanyi a ƙirji. Haka nake ganin asibiti yake a wurin ɗan ƙanwata mai shekara 4, wanda ke da lalurar galahanga, wato otizim a bakin likitoci. Janareta, fanka mai ƙara, kukan jarirai a layin allura, warin Izal: mu ƙwaƙwalwarmu na tankaɗe su, shi kuwa gaba ɗaya suke afko masa. Ba sabon abu ba ne. Tun a 1943, da likita Leo Kanner ya bayyana halin yara 11 masu wannan lalura a Baltimore ta Amurka, ya lura da yadda ƙara ke firgita su da yadda ba sa son a sauya musu abin da suka saba.

Bara yaron nan ya yi mako guda yana dukan kuncinsa, ya ƙi ko farar taliyar da ba ya cin komai sai ita. Maƙwabta suka ce iska ce, a nemo rubutu. Uwarsa ta yanki kati, suka yi awa uku a kan benci. Kafin layi ya zo kansu ya riga ya kwanta a ƙasa, ya toshe kunne yana ihu. Wata mata ta ce, "Baiwar Allah, ki tsawata masa mana." Likita, da mutum kusan hamsin na jiransa, ya leƙo ya ce, "Ai haka masu lalurar suke yi." Suka dawo gida.

Wannan magana ita ta fi ci mini rai. Da zarar an sa wa yaro sunan lalura, sai a zuba duk kukansa a buhunta. Alhali masu galahanga sukan yi fama da taurin bayan gida, da rashin barci, wasu har da farfaɗiya, ga kuma ciwon kunne da zazzaɓi irin na kowane yaro. Bakin faɗin inda ke ciwo ne da yawansu ba su da shi.

A zuwa na biyu suka dace da wata dattijuwar nas. Ta ce su je gindin darbejiya su zauna, in layi ya zo za ta aiko. Da suka shiga ta kashe fanka, kamar yadda mai niƙa na kirki yake rage inji ya sunkuyo in ya ga ƙaramin yaro ya rikice. Ta miƙa masa abin sauraron ƙirji ya jujjuya, ta fara ɗora shi a kan uwar yana kallo. Sannan ta ce, "Maman yaro, ke kika san shi. Me ya sauya?"

"Da ɓangare ɗaya yake tauna, Sista."

Aka haska tocila. Turmin haƙori ne ya ruɓe, dasashi ya kumbura. Cire shi wani yaƙi ne daban da ya ci zuwa biyu, amma ranar da aka gama, da magariba ya jawo hannun uwarsa har bakin tukunya, ya ɗora shi a kan murfi.