In An Sake Wa Mota Inji, A Lura Da Wayar Esi

Kowa ya shekara a Doha ya san esi cikin mota ba ƙawa ba ne a ƙasar nan. A watan Yuli na 2010 zafi ya kai digiri 50.4 a birnin nan. A 2021 kuwa hukuma ta hana aiki cikin rana daga ƙarfe 10 na safe zuwa 3:30 na yamma, tun daga 1 ga Yuni har 15 ga Satumba. To, in an tausaya wa ƙarfafa haka, ina ga yaro ƙanƙane cikin mota? Shi ya sa na ga ya kamata in ba ku labarin abin da ya same ni, don gani ga wane ya isa wane tsoron Allah.

Ni malamin allo ne, ba bakanike ba. Ina da wata tsohuwar mota ƙirar Japan wadda na ke ɗebo yara da ita daga Najma da Mansura zuwa makarantarmu a Farij Abdul Aziz. Bara injinta ya buga. Muka tafi Sana'iyya, inda gareji-gareji su ke, muka sami wani inji na hannu wanda ya fi nawa ƙuruciya, aka ɗora. Mota ta tashi lafiya lau, amma aka danna esi shiru. Sai aka kira mai aikin waya, wanda mutanen Nijeriya kan ce wa riwaya, kada almajirai su zaci ta Warshu ko ta Hafsu na ke nufi. Ya duba, ya ce aikin na da tsawo, amma in ina sauri zai ba shi wuta kai tsaye. Na ji kuɗin kaɗan ne, na yarda. Ya jawo waya guda daga batir, ya sa mata makunni, ya kai ta ga kwamfireso. Sanyi ya zo, na yi ta sa masa albarka.

Ba a jima ba alamu suka soma. In na tsaya a danja sai inji ya riƙa karkarwa kamar zai mutu. In an shiga cunkoso sai iskar ta koma ɗumi. Na ƙyale. Ran nan cikin watan Agusta, da yara shida a mota, sai muka ji ƙara mai tsanani, ga ƙaurin roba. Kwamfireso ya cije, bel yana gurzarsa yana hayaƙi. Na fid da yara, muka rakuɓe a inuwar wani kanti har aka sami tasi. Allah ya tsare, ba wanda ya sami ko ƙwarzane, amma abin da na kashe daga baya ya ninka wanda na so in yi tsimi sau da yawa.

Wani dattijon riwaya shi ya gyara, ya kuma zaunar da ni ya yi mini bayani. Na rubuta da ajami a bayan littafin sunayen yara, ga shi na juyo muku.

Ya ce esi ba ya ƙirƙirar sanyi, zafi ya ke kwashewa daga cikin mota ya zubar waje. Kwamfireso shi ke matsa gas, gas ya bi ta kwandensa da ke gaban lagireto ya huce, sa'an nan ya shiga wani abu mai kama da ƙaramin lagireto a bayan dashbod, inda ya ke tsotse zafin iskar da ke huro mu. Ƙarfin juya kwamfireso daga inji ya ke zuwa ta bel. A bakinsa akwai kuloci mai maganaɗisu: in wuta ta zo ya kama, in ta ɗauke ya saki. Watau duk maganar waya ita ce, wa ke da ikon ba kulocin nan wuta, da yaushe.

Masu ƙera mota sun sa masu gadi a hanyar wutar nan. Na fari fiyus, wanda ke ƙonewa shi kaɗai in waya ta haɗu da jikin mota, don kada motar ta kama wuta. Na biyu rile, wanda ke ɗaukar nauyin wuta mai yawa, ya bar maɓallin dashbod da aika saƙo kurum. Na uku makunnin da ke auna ƙarfin gas. In gas ya zurare, ko ya yi ƙarfi fiye da kima, sai ya yanke wuta. Wannan babban al'amari ne, zama man da ke shafe cikin kwamfireso tare da gas ya ke zagayawa. In ba gas, ba mai. Na huɗu ƙwaƙwalwar inji. In ka danna esi ita ake fara gaya wa. Sai ta ƙara wa inji silo don ya ɗauki nauyi, ta tayar da fankar kwandensa, kana ta ba rile izini. A motoci da yawa kuma ta kan kashe kwamfireso in inji ya yi zafi, ko in an taka totur da ƙarfi.

To, ga inda sake inji ke kawo rikici. Kowane inji da ƙwaƙwalwarsa da damin wayoyinsa ya ke zuwa, maɓalli da makunnin gas kuwa na jikin tsohuwar mota ne. Sau da yawa bakunansu ba su dacewa. Sai a bar waya biyu suna reto: mai kai saƙo daga maɓalli zuwa ƙwaƙwalwa, da mai dawo da izini zuwa rile. Abin da riwaya na fari ya yi mini shi ne ya tsallake masu gadin nan duka huɗu. Ashe wajen ɗora inji wani mahaɗin bututu bai zauna ba, gas ya yi ta yoyo, ba mai cewa kwamfireso ya tsaya, har ya ci kansa.

Gyaran gaskiya shi ne a samo taswirar wayoyin motocin biyu, a gane kowace waya, a haɗa ta inda ya dace. In ƙwaƙwalwar sabon injin irin ta zamani ce wadda ba ta jin maganar tsohon dashbod, ana iya yi wa esi hanyarsa dabam, amma tilas ta bi ta fiyus da rile da makunnin gas, fanka kuma ta tashi tare da kwamfireso. A kuma sani akwai kwamfireso na zamani marar kuloci, wanda ba ya aiki daidai sai da na'urar da aka yi dominsa.

Gas ma iri-iri ne. Motocin da suna amfani da R-12. Bayan yarjejeniyar Montreal ta 1987 aka bar shi, don yana ɓata rufin sama mai kare mu daga zafin hasken rana, R-134a ya maye gurbinsa a shekarun 1990. Sababbin motoci da yawa kuwa R-1234yf gare su. Kowanne da mansa, ba a gauraya su. Akwai 'yar takarda manne a ƙarƙashin bonet mai faɗin iri da awo, a karanta ta.

Saboda haka, ɗan'uwa, in za ka sake inji, riƙe waɗannan. Na ɗaya, sa aikin esi cikin ciniki tun farko, kada sai an gama. Na biyu, sayi inji tare da ƙwaƙwalwarsa da wayoyinsa, ba a datse ba. Na uku, ce riwaya ya nuna maka fiyus da rile da yatsa, ya kuma zare filogin makunnin gas a gabanka. In kuloci bai saki ba, an tsallake shi. Na huɗu, tsaya da mota wuri ɗaya da esi a kunne, ka ga fanka na juyawa, silo kuma bai faɗi ba. Na biyar, in kwamfireso ya taɓa cijewa, a wanke bututu duka, don ɓarɓashin ƙarfe kan kashe sabo. Kada kuma ka manta da takarda: je ofishin Murur a gyara lambar inji, kafin lokacin duban Fahes da sabunta istimara.

Masu aika kuɗi gida a sake wa mota inji, ko a Suwame Magazin ta Kumasi, ko da kayan Ƙofar Ruwa ta Kano, su ma su isar da wannan saƙo. Motata yanzu tana ɗebo yara cikin sanyi, ni ma hankalina a kwance. Allah ya kiyaye mu da iyalanmu a kan hanya, amin.