Lantanom da siriyom: yadda farashi ya sauya cikin batiri

A shekarar 1970 masana a ɗakin binciken kamfanin Philips da ke Eindhoven, ƙasar Holand, suka fito da wani gaurayen ƙarfe na lantanom da nikel. Idan aka tura masa iskar haidurojin sai ya shanye ta, in an sassauta matsi kuma ya sake ta, ba tare da an ɗora shi a wuta ba. Wannan shi ne asalin batirin NiMH, wanda kamfanonin Japan suka shigar kasuwa a 1990, Toyota kuma ta sa a motar Prius a 1997.

Sai dai ƙarfen yana da mugun hali. Duk lokacin da ya sha haidurojin yakan kumbura da kusan kashi ɗaya cikin huɗu na girmansa, in ya amayar ya koma yadda yake. Kumburi da saɓewa, kumburi da saɓewa, har ya tsattsage ya zama gari, ruwan batirin kuma ya ci gefen kowace ƙwaya. Maganin da aka samo shi ne a cire wani ɓangare na nikel a zuba kobalt da manganis da alminiyom. Don sauƙin kuɗi kuma aka bar tataccen lantanom, aka koma ga mishmetal, wato cakuɗen lantanom da siriyom da niyodimiyom da firasiyodimiyom, kusan yadda suka fito daga ma'adani.

Tafiya ta yi daɗi har 2010, lokacin da Sin, mai riƙe da mahaƙar Bayan Obo kusa da Baotou, ta zaftare adadin waɗannan ƙarafa da take yarda a fitar waje da kusan kashi 40 cikin ɗari. A watan Satumba rikicin tsibirai ya ɓarke tsakaninta da Japan, kaya suka tsaya, a 2011 farashi ya yi tashin gwauron zabi. Masana'antun Japan sun ji a jikinsu. A 2012 Honda ta haɗa kai da kamfanin Japan Metals & Chemicals suka fara tato waɗannan ƙarafa daga tsofaffin batura.

Akwai wani dalili da ya fi rikicin siyasa daɗewa. Masu ƙera maganaɗisun motocin lantarki da injinan iska suna wawason niyodimiyom da firasiyodimiyom, ga shi ba a haƙo su sai tare da lantanom da siriyom, waɗanda suka fi su yawa a dutsen. Biyun farko suka yi tsada, biyun ƙarshe suka yi kwantai. Mai haɗa ƙarfen batiri ba shi da dalilin yin takara da mai maganaɗisu, don haka ya karkata ga masu arha. Kamfanin Sanyo ma ya riga ya nuna wata hanyar tun 2005 da batirin Eneloop, inda aka shigar da magniziyom cikin haɗin, aka samu ƙarin caji tare da rage dogaro da kobalt.

A fagen ajiyar haidurojin kuwa sauyin ya fi armashi. Gaurayen titaniyom da baƙin ƙarfe yana da arha, amma da ya shaƙi iska sai wata fatar tsatsa ta rufe shi, sai an gasa shi sosai kafin ya fara aiki. Ɗan siriyom kaɗan, kamar daddawa a miya, yakan janye iskar oksijin ɗin ya buɗe wa haidurojin ƙofa. Nauyi dai yana nan: haɗin lantanom da nikel ba ya ɗaukar haidurojin da ya wuce kusan kashi 1.4 cikin ɗari na nauyinsa. Wannan ya hana shi shiga tankin ƙaramar mota, amma bai dami tankin da aka girke a ƙasa kusa da faifan sola ba, kuma can ne ya kamata a zuba kuɗin bincike.

Batirin litiyom ya ƙwace waya da kwamfuta, duk da haka Toyota ta sa sabon samfurin NiMH a motar Aqua a 2021. A watan Afrilun 2025 Sin ta ƙaƙaba takunkumin fitarwa kan ƙarafa bakwai na wannan dangi. Lantanom da siriyom ba sa ciki, amma matatun da ke raba su da 'yan uwansu galibi suna hannunta har yanzu.