Launi da Haske a Hoton Bugu

Akwai wata sana'a da ake kira bugun hoto, watau mutum ya sassaƙa zane a jikin katako ko farantin ƙarfe, ya shafa masa tawada, sa'an nan ya danna takarda a kai, ya sami hoto iri ɗaya sau da yawa. Cikin waɗanda suka yi suna da ita a Nijeriya akwai Bruce Onobrakpeya, mai zane kuma masassaƙi, wanda aka haifa a 1932. Ya yi karatu a Zariya, yana kuwa cikin samarin da suka kafa ƙungiyar masu zane a can a 1958.

A 1967 ruwan asid ya cinye masa wani faranti fiye da kima. Maimakon ya yar, sai ya cike wuraren da gam mai tauri da ake kira Araldite. Da ya buga, sai takarda ta fito da tudu da kwari. A nan ne hannun masassaƙi ya nuna kansa. Tawada takan taru a ramukan farantin ta yi duhu, inda aka goge kuwa ya fito da haske, har launi ɗaya ya zama kamar uku. In aka rataye irin wannan hoto kusa da taga, kamanninsa da hantsi dabam, da la'asar dabam, domin inuwar tudun tana juyawa tare da rana.

Mu a Sakkwato bai kamata wannan ya zama mana baƙon abu ba. Dukawanmu sun daɗe suna rina fatar jar akuya da karan dafi, su sa baƙi da kuloko, rawaya da gangamau, sa'an nan su danna ado da ƙarfe. Ku duba gafaka ko titimi a cikin rana, za ku ga inda ƙarfe ya taka ja ya ƙara nauna.

Abin da ke damunmu shi ne, ɗan baduku yakan zo makaranta da wannan sani, mu kuwa mu ba shi fensir ya kwafi hoton littafi, har ya raina aikin ubansa. Lalle laifin namu ne masu horon malamai. Darasin kuwa ba ya cin kuɗi: sakaina, da wuƙa, da shuni ko karan dafi, da takarda. Yaro ya sassaƙa, ya buga, malami ya sa shi ya duba aikin a inuwa, ya sāke dubawa a bakin ƙofa, ya faɗi abin da ya canja.